Dariyar Ciniki da Sunan Ɗan Fari

Magana biyu ake yi a kaina game da yayanku Mahmud, kuma duka biyun ba haka suke ba. Ku ƙanana, Jidda da ƙannenta, kun taso kuna jin ana cewa da can Baba ba ya shiri da Yaya, sai daga baya Allah ya daidaita su. 'Yan uwana na Gumel kuwa cewa suke yi zaman Doha ya cire mini kunya, har na hana mahaifiyata jikanta. Da ni abin ya faru, saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi, ku riƙe daga bakina.

Ni ɗan fari ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce, ina yaron nan? In na shigo zaure na tarar yana dariya da abokansa, sai ya gyara fuska har sai na wuce. Inna ma haka take. Da ina ƙarami "kai" take ce mini, da na fara sana'a ta koma ce mini mai zoɓo, a nan ta tsaya. Ba wanda ya ɗauki wannan ƙiyayya, kowa ya san kunyar ɗan fari ce. Ni kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba, domin gidanmu babba ne. Kakana tun da safe yake fara tsokanata, yana cewa in daina zagaya masa mata. Kakata tana kirana angonta, tana ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Kawu Ado yana ɗora ni a keke ya kai ni kallon dambe. Taubasaina 'ya'yan gwaggo kuwa ba su bar ni na sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Abin da uba da uwa suka janye, mutanen gida sun raba shi a tsakaninsu sun biya ni har da ƙari. A lokacin ban san ana biyana ba. Na ɗauka haka duniya take a ko'ina.

Sana'ata zoɓo ce da riɗi. Daga Maigatari nake ɗaukowa in kai Kano, a can na haɗu da Larabawan da suke saye, a hankali har Allah ya haɗa ni da kafil, wato ɗan ƙasar da ake buɗe shago da sunansa, na samu rumfa a babbar kasuwar kayan gwari ta Doha lokacin tana unguwar Abu Hamour. Daga baya na ƙara da dabino, shi ne ma ya fi riƙe ni. Ban yi boko mai nisa ba. Larabcina na kasuwa ne, Turancina kuma bai wuce na farashi da awo da "dawo gobe" ba. Amma akwai abin da na koya wanda ya fi mini yare amfani, na sa masa suna dariyar ciniki. Mai saye, Ba'indiye ne ko Bamisire ko Bature, in ya saba da kai sai ya fara yi maka raha. Ba sai ka gane me ya ce ba. Ka dai kula da shi: zai ɗan yi sauri, sai ya tsaya cak, ya ɗaga gira ya dube ka. To nan ne wurinka. Kada ka riga shi, kada ka ja ta da tsawo. Ka yi dariya, ka girgiza kai, in babban mai saye ne ka ɗan bugi kanta da tafin hannu. Wanda ka yi wa haka yana jin nauyin ya yi maka tayin wulaƙanci. Da wannan dariyar na ciyar da ku, kuma ba na jin kunyarta.

Da na samu wurin zama na ɗauko mahaifiyarku Rabi da Mahmud, yana ɗan yaye. A unguwar Al Asmakh muka sauka, saman wani tsohon gida, ɗaki biyu da falo, maƙwabtanmu 'yan Sudan da 'yan Pakistan. A nan aka haifi Jidda. Yadda na taho da daddawa da kuka a jaka, haka na taho da al'adar gidanmu ban rage komai ba. Ba na kiran sunan Mahmud, ba na wasa da shi, in ya shigo ina dariya sai in gyara fuska. Rabi ma ba ta kiran sunansa, Yayan Jidda take ce masa, ni kuma Baban Jidda, duk da ba Jidda ce babba ba. Sai dai ita uwa ce, tana da hanyoyinta na cikin kicin. Abin da ban duba ba shi ne, a saman benen nan babu kaka, babu kawu, babu taubashi. Lokacin ba a haifi ƙannen Jidda ba, mu huɗu ne kawai da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki.

Yaron ya taso da Turanci a makaranta, kuma Allah ya ba shi harshe. Abin da ya fi so shi ne wasa da kalmomi. Ana cin abinci sai ya faɗi wata magana fuska a ɗaure, Jidda ta yi shiru kaɗan, sai ta fashe da dariya har ta ƙware. Rabi ta ce me ya ce, a yi mata bayani, ta ce Allah ya shirye ku. Duk lokacin da ya yi, sai ya saci kallona ta gefen ido. Ina gani. Ni mutum ne da aikinsa kallon fuskar mutane, ba yadda za a yi wannan ya wuce ni. Sai in ci gaba da cin tuwona. Rabi ta taɓa yi mini magana a kai.

"Baban Jidda, yaron nan fa kai yake yi wa wasan nan, ba Jidda ba."

"Ni abokin wasansa ne?"

"To wa yake da shi?"

"Yana da 'yan ajinsu."

"'Yan ajinsu ba su ne suke zaune a falon nan ba."

Na ce mata ni ma haka aka yi mini, ga ni nan da gidana da rumfata. Ta ɗauki kwanukanta ta fita.

Shekarar da Mahmud ya kusa gama sakandare, Inna ta zo a cire mata yanar ido. An yi aikin ido ɗaya ana gab da azumi, likita ya ce ta zauna har bayan salla. Tun daga ƙofa ta fara aikinta na kaka. Ta dubi Mahmud sama da ƙasa ta ce wannan zanƙalelen ne angon nata, ko kuɗin cefane bai yi kama da mai shi ba. Yaron ya tsaya yana kallonta, bai san yadda ake amsa irin wannan ba, domin ba a taɓa yi masa ba. Cikin kwanaki kaɗan ya koya. Yakan dawo daga makaranta ya zarce wurinta, ya zauna a ƙasa yana ɗiga mata maganin ido suna faɗa. Ranar da aka sanar da ganin watan azumi, ya shigo da waya a hannu.

"Inna, an ga wata."

"Ka ga wata? Wace ce? 'Yar gidan wa? Ina zaune da ido ɗaya a naɗe har ka fara ganin wata?"

Ya yi tsaye kamar an dasa shi, sai kuma ya zube a kan darduma yana dariya yana riƙe ciki.

"Ashe da Hausa ma ana yi," in ji shi. "Jidda, kin ji? Ana yi da Hausa."

"Da wane yare kake zaton aka fara?" in ji Inna. "Zo ka gyara mini matashin nan, miji marar amfani."

Ban taɓa jin irin wannan dariyar daga bakinsa ba. Ina ɗaki ina jiyo su, na ji daɗi, na kuma ce a raina, ai ga shi nan, abin da yake bukata ke nan, kuma ya samu. Ban tambayi kaina me zai faru in ta tafi ba.

A gidanmu ni nake raba dabinon buɗa baki da hannuna, tun da ni ne mai dabino. Wata rana a farkon azumin, na miƙa wa kowa nasa, Mahmud ya karɓa ya ɗaga shi sama, ya faɗi wata magana da Turanci. Kalma ɗaya na kama a ciki, date, domin ita nake gani a jikin kwali kullum. Jidda ta furzar da ruwan da ke bakinta. Ya dube ni, wannan karon ba sata ba, kallo sosai, ina jin zaman Inna ne ya ba shi ƙarfin hali. Na ce a yi sauri a tashi a yi salla.

Asabar ɗin da ta biyo baya aiki ya yi mini yawa, domin a azumi otal-otal suna kwasar dabino da zoɓo. Na ce da Rabi ta gaya wa yaron nan ya shirya ya raka ni. Akwai wani Bature mai yi wa wani babban otal sayayya, mutum mai yawan raha, a raina Jan Kunne nake ce masa. Ya zo da hantsi, ya dudduba kwalayen da aka jera masa, ya juyo ya yi magana da sauri, ya tsaya cak, ya ɗaga gira. Na ji kalmar nan ta jikin kwali a ciki. Na yi abin da na saba. Na yi dariya har da bugun kanta, na girgiza kai na ce kai Mista, kai Mista. Ya ji daɗi, ya ce khalas, wato an gama, a loda. Da na juyo zan ce wa yaron ya kira masu ɗauka, sai na ga fuskarsa. Ba fushi ba ne. Irin fuskar mutumin da ya daɗe yana zargin wani abu ne, yau ya tabbatar. 

Daga wannan ranar, wasan kalmomi ya mutu a gidan. Yana gaishe ni, yana karɓar dabinonsa da hannu biyu, ya koma kusa da Inna ya zauna. Jidda ta yi ta tsokanarsa, ya ce ta ƙyale shi. Ana cikin goman ƙarshe Inna ta aika a kira ni bayan la'asar.

"Mai zoɓo, zauna. In na tashi tafiya da angona zan tafi."

"Inna, makarantarsa fa?"

"Akwai makaranta a Gumel. In ba ta yi muku ba akwai a Dutse, akwai a Kano. Dama nawa ne. Tun yana goye ya kamata a ba ni shi, ka kwaso shi ka kawo shi garin da ko carar zakara ba a ji."

"Shi ya ce yana so?"

"Shi ya roƙe ni. Ya ce in ya bar gidan nan ba wanda zai lura sai an zo rabon dabino an ga saura ɗaya."

Ku fahimci wannan da kyau, domin a nan 'yan uwana suke kuskure, ku ma a nan kuke kuskure. Inna ba ta nemi abin da ba nata ba. A gidanmu ɗan fari na kaka ne, in ta miƙo hannu ba a cewa a'a. Kuma ba don kanta kaɗai ta nema ba, ta zauna a falon nan ta ga abin da yaron ya rasa, ta kawo maganin da ta sani. Na ce mata zan yi tunani. Na auna abin yadda nake auna kowane ciniki. In na ba ta shi, na bi al'ada, na faranta wa uwata, amma saurayin da ya bar gidan ubansa yana ganin ubansa yana yi wa baƙo dariya shi ba a yi masa, ba zai dawo ba, ko da ƙafarsa ta dawo. In na hana da ƙarfi, na riƙe gangar jikinsa kawai, na kuma ɓata wa Inna a banza. Saura hanya ɗaya, ita ce wadda ni zan biya daga jikina.

Washegari da sassafe na ce da yaron ya zo mu tafi kasuwa. Da muka isa ban shiga ba, na ajiye mota a inuwar wani gini, na bar ta a kunne saboda zafi. Na daɗe ina kallon sitiyari. Na yi ciniki da mutane masu wuya a rayuwata, amma ban taɓa jin abu ya yi mini wuyar faɗa kamar wannan kalma ba.

"Mahmud."

Sai da ya waiwaya ya dubi kujerar baya, kamar akwai wani a motar. Sannan ya dube ni.

"Na'am, Baba."

"Baturen nan na ranar Asabar, me ya ce?"

"Ai ka ji. Ka yi dariya."

"Na yi dariya. Me ya ce?"

Bai yarda ba da farko. Sai da na yi masa bayanin dariyar ciniki dalla-dalla, saurin magana, tsayawa, ɗaga gira, bugun kanta. Na ce ya tuna ko ya taɓa jin na mayar wa mai saye amsar raharsa. 

"Duk shekarun nan ba ka ganewa?"

"Ko ɗaya."

"To ni da na yi a gida, me ya sa ba ka yi mini irinta ba? Ai da ban sani ba."

"Kai ba na sayar maka da komai. Ba zan ba ka ta ƙarya ba. Ta gaskiyar kuma ban gane ba balle in yi, ko na gane ma kunya ba za ta bar ni ba."

"Mama ta ce al'ada ce. Na ɗauka irin abin da ake faɗa wa yaro ne don ya yi shiru."

Na ba shi labarin ubana da zaure, da kakana, da keken Kawu Ado. Ban taɓa ba shi labarin kaina ba sai ranar. Da na gama na ce to yanzu saura shi, ya koya mini abin nan da suke yi wa dariya. Ya gyara zama kamar malami. Ya ce iri biyu ne. Na farko, kalma ɗaya ce mai ma'ana fiye da ɗaya. Date ɗin nan da nake gani a kwali, dabino ce, ita ce kwanan wata, ita ce kuma fita zance da budurwa. Baturen cewa ya yi a azumin nan yana da date fiye da ɗari, kuma matarsa ba ta ce komai ba. Iri na biyu, kalmomi biyu ne daban, rubutunsu daban, amma a kunne ɗaya suke. Ya nuna wata motar da ake sauke kayan marmari, ya ce wancan ɗan itacen sunansa pear, abu guda biyu da suke tafiya tare kamar takalmi kuma pair, in an faɗa ba mai bambancewa. Mai wasan sai ya gina maganarsa yadda hankalinka zai bi hanya ɗaya, a ƙarshe ka ga ashe ɗayar ma tana nan tun farko, kamar yadda Inna ta yi masa da wata.

Na ce wannan ai dillanci ne. Kaya ɗaya, an kai wa mutum biyu, kowa yana zaton nasa ne. Ya ce haka ne, sai dai a nan ba wanda ya yi asara, shi ya sa in ka gane an yi maka wayo kake dariya maimakon ka kai ƙara. Wannan bayanin ya shige ni. Na tambaye shi, to shi me ya ce ranar buɗa baki. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Cewa na yi a duk ajinmu ni kaɗai ne ubana yake haɗa ni da date kowace yamma."

Sai da na juya ta a kaina, dabino, budurwa, ni ina miƙa masa da hannuna, Inna tana zaune da idonta a naɗe. Dariya ta zo mini daga ciki, ba bugun kanta, ba girgiza kai, irin wadda take sa mutum tari.

"Allah ya taimake ka ban gane ba," na ce. "Da dundu za ka sha a gaban kakarka."

Muka yi ta yi mu biyu a cikin mota da bakin azumi, har wani mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya. Da muka natsu na ce masa ba zan hana shi bin Inna ba, in yana so ya tafi zan kai shi filin jirgi da kaina. Abin da ba na so shi ne ya tafi a kan fahimtar da ba daidai ba.  Sai kawai ya ce yalla Baba, mu tafi, Jan Kunne zai riga mu. Ban san yadda aka yi ya san sunan ba.

Da yamma, wurin buɗa baki, na san in na tsaya a abin da aka yi a mota, to a mota zai ƙare. Na miƙa wa Inna nata, na miƙa wa Rabi da Jidda, sannan na ce, "Mahmud, karɓi naka." Rabi ta sunkuyar da kai. Jidda ta buɗe baki. Inna ta ajiye kofin kunu a hankali, sai bayan an yi salla yara sun tashi ta dube ni.

"A gabana?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ubanka bai taɓa yi ba. Ni ban taɓa yi ba. Ka lalace?"

"Ban lalace ba. Amma ni ina da gida guda suna yi mini wasa. Shi daga ni sai uwarsa."

"Ai gidan nake so in kai shi."

"Na sani, Inna."

Ta daɗe tana kallona da idon da aka gyara. Sannan ta ce, "To. Tunda ka karɓe aikina, sai ka haɗa da naka ka riƙe." Ta jawo carbinta.

Kafin salla Mahmud ya je da kansa ya gaya mata zai zauna ya gama makaranta. Ta ce dama ta san mazan yanzu ba su da alƙawari, ta ja masa kunne, ta sa masa albarka. A gabansa ba ta nuna komai ba. Ni ne na san abin da na karɓe mata. Tsohuwa ce da ta riga ta gyara ɗaki a ranta, ta riga ta ga wanda zai riƙa ɗiga mata magani yana yi mata rashin kunya. Ita kaɗai ta hau jirgi.

Ido na biyu ba ta dawo Doha an yi ba, a Kano aka yi mata. Na yi ta roƙo, ta ce gwiwa ba za ta iya benen nan ba. Da muka koma unguwar Mesaimeer, gidan ƙasa, na sake aikawa, ta ce tafiyar ce ta yi mata nisa. Har yau ban sani ba ko gwiwar ce ko ni ne. Da Mahmud kam ba ta canza ba, duk Juma'a suna waya suna faɗan miji da mata har ƙarshen rayuwarta. Ni kuwa gaisuwa ce, ya kasuwa, ya iyali, Allah ya yi albarka. Ƙannena suka ɗauki maganar suka yaɗa, har yau in na je gida akwai masu kallona a matsayin wanda ya fifita ɗa a kan uwa. Ta rasu tana ce mini mai zoɓo. Ban riƙe ta da komai ba, ita a gidan da ta sani ta yi daidai. Ni ma a saman benen nan ban ga abin da zan yi da ya wuce wanda na yi ba, kuma da za a sake dawo da ranar, sunan zan sake kira. Amma kada wani ya gaya muku kyauta na samu.

Turancina bai ƙaru sosai ba. Dariyar ciniki ma ban daina ba, sai dai wani lokaci yanzu ina kama abin, in ga ashe rahar ma ba ta kai a bugi kanta ba. Mahmud ya ci gaba da kawo mini nasa, wasu in gane nan take, wasu sai washegari ina tuƙi. In bai yi daɗi ba ina gaya masa bai yi ba. Ya ce ni ne mai sauraro mafi tsada da ya taɓa samu.

Yanzu shi ma magidanci ne, yana aikin injiniya a nan garin, 'yarsa ta fari Amina ta fara tafiya. Kwanakin baya sun zo mana yini. Yarinyar ta nufi wayar fanka za ta ja, sai na ji ya ce da matarsa, "Ɗauke yarinyar nan." Na dube shi, ya gyara fuska, irin gyaran da na sani tun daga zauren Gumel. Ba wanda ya koya masa.

"Mahmud, tana da suna."

"Baba, a gabanka ne nake kasawa."

"A bayana fa?"

Ya sosa ƙeya. Na ce masa yau ga ni, Amina amaryata ce, zan yi mata duk wasan da kaka yake yi. Amma zamana a ƙasar nan da takarda ne, kuma ko ba takarda shekaru sun ja. Ranar da ba na nan, a falonsu su uku ne. Na ce ya kira, ni zan kau da kai. Na juya ina kallon taga. Na ji ya yi gyaran murya sau biyu.

"Amina. Zo nan."

Yarinyar ta waiwaya ta dube shi, ta saki wayar fankar. Sannan ta wuce shi ta taho wurina, domin dabinon a hannuna yake.